Motar Da Alhaji Maitama Ya Zaɓa

Sati uku Alhaji Maitama ya ce zai yi a Malesiya. Haka ya faɗa wa iyalinsa a Kurna, haka ya faɗa wa abokansa na tashar manyan motoci: zai je wurin 'yarsa Ruƙayya a cire masa yanar ido, ya ɗan huta, ya dawo tun kafin azumi. Aiki ya yi kyau, ido ya buɗe tar, har yana iya karanta lambar motar da ke ajiye a ƙasan bene. Saura kwana biyar ya hau jirgi aka sa dokar kulle saboda korona, can gida ma aka rufe filayen jirgin sama. A hawa na goma sha huɗu na wani dogon gini a unguwar Pantai Dalam ta Kuala Lumpur ya yi azuminsa, a falon kuma ya yi sallar idi a bayan surukinsa Abdulgani.

Mutumin da ya yi shekara arba'in da ɗaya yana jan tirela, daga Apapa zuwa Maiduguri, daga Fatakwal zuwa Illela, sai ga shi iyakar tafiyarsa daga ɗaki zuwa baranda. Bai taɓa ƙorafi ba. Da safe yakan ja kujera ya zauna yana kallon babban titin da ya ratsa ta ƙasa, wanda ya zama wayam sai masu babur da ke kai wa mutane abinci. In aka yi sa'a wata babbar mota ta gifta, yakan bi ta da ido har ta ɓace, ya ce, "Wannan bai iya gangara ba, birki yake ci," ko da kuwa jikarsa Ulfa ce kaɗai a kusa, wadda shekarunta huɗu kuma rabin maganarta Turanci ne rabi Malayanci.

A watan Yuni aka sassauta doka, aka bar mutane su tsallaka daga jiha zuwa jiha. A satin ne malamin da ke duba aikin Ruƙayya ya kira ta. Digiri na uku take yi, bincikenta a kan ragowar maganin feshi ne a ruwan gonakin shinkafa, kuma dole ta ɗebo ruwan da hannunta daga wurare tara a jihohin Selangor da Perak da Kedah kafin a fara girbi. In ta bari aka girbe sai wani zagayen noman, ga shi wa'adin karatun da gwamnati ta ɗebar mata ya kusa cika. Kwana goma sha biyu aikin zai ci.

Ita kaɗai ba za ta iya ba, sai da mai riƙe mata kaya da rubuta lambar kwalabe, wato mijinta. In sun tafi su biyu kuma, ba mai barin Baba shi kaɗai da ciwon suga da magani safe da yamma, ga makarantar su Ulfa ba ta buɗe ba. Likita kuwa ya ja kunne cewa mai irin ciwonsa ya guji otal da gidan abinci da duk inda jama'a ke cuɗanya.

Abdulgani ne ya kawo mafita, suna cin abincin rana. Ya miƙo wayarsa da hannu biyu.

"Baba, akwai motar da ake bayarwa haya, mai ɗaki a ciki. Da gado, da murhu, da firij. Inda rana ta faɗi mana nan ne masaukinmu, ba ruwanmu da kowa."

Maitama ya karɓa ya duba. Ya san irinta. Yana saurayi yakan ga Turawa masu ratso Sahara sun sauka da su a Kano, duk sun yi buɗu-buɗu. Uku ne a hoton: ƙarama kamar Hayis da aka ɗaga wa rufi, sai matsakaiciya mai mita shida, sai babba mai mita bakwai da rabi, fara fat, da ɗaki na daban a bayanta.

"Ni babbar nake gani," in ji Abdulgani. "Baba ya yi wata huɗu a kulle, ya kamata ya samu inda zai miƙe ƙafa."

"Abban Ulfa, wannan ai bas ce," in ji Ruƙayya. "Ƙaramar ta ishe mu. Kwana nawa ne duka?"

Suka yi ta ja, a hankali dai, saboda yana zaune. Shi ya ce kaya ba za su shiga ƙaramar ba, ita ta ce ai ba ƙaura za su yi ba. Maitama ya bar su har suka gaji, sannan ya wanke hannu ya ce, "Wa zai ja?"

"Ni ce, Baba," in ji Ruƙayya. Abdulgani gwanin kwamfuta ne, amma bai taɓa koyon tuƙi ba, jirgin ƙasa da bas suke kai shi duk inda za shi. Ruƙayya ce ke jan ƙaramar motarsu tun da suka zo.

"To nuna min hanyar da za a bi. Ba babban titi ba, shi kowa ya iya. Inda za ki tsaya ki ɗebi ruwan."

Ta buɗe kwamfuta ta nuna masa taswira, da hotunan da ta ɗauka bara lokacin da ta je duba wuraren. Ya daɗe a kan hoto ɗaya: 'yar siririyar hanya ce ta tsakuwa, magudanar ruwa a dama, gona a hagu, wata akori-kura ta manomi tana tsaye a kai ta kusa cike ta. Irin hanyoyin ban-ruwa na Kura da Kadawa ne sak, inda ya sha kai taki. Ya auna da yatsa a kan gilashin, mota ɗaya da taku ɗaya kowane gefe.

"Gobe ku fito min da duk abin da za a tafi da shi," ya ce. "Ba a zaɓen mota sai an ga lodi."

Washegari falon ya zama tasha. Kwalabe ɗari da takwas a akwatuna shida, doguwar sandar ɗiban ruwa, takalman roba, tukunyar shinkafa, buhun shinkafar kanta, kuka da daddawa da Abdulgani ya samo a kasuwar Chow Kit, jakunkuna huɗu, buta, darduma uku, da keken Ulfa da ta kafe sai an tafi da shi. Maitama ya zagaya su yana taku, ya jera masu nauyi a ƙasa, ya fitar da jaka biyu ya ce a mayar. Keken kuwa ya yi ciniki da mai shi har ta yarda a bar shi a kan alkawarin za a nuna mata saniya. Da ya gama ya tambayi abu ɗaya, ko kwalaben suna bukatar sanyi. Ta ce wanda aka cika dole ya zauna a firij har su dawo.

Ranar Asabar suka tafi ganin motocin, a wani fili can bayan Gombak. Mai su, Encik Hamdan, dattijo ne gajere mai furfura, ya tarye su da takunkumi a fuska da na'urar auna zafi a hannu, ya ɗora wa kowa a goshi. Tun da baƙi suka daina shigowa ƙasar motocin ke tsaye, don haka da fara'arsa ya nufi babbar da su, ya ce lasisin Ruƙayya ya isa ta ja kowacce a cikinsu.

Ciki kam ya yi kyau. Ga kujeru masu laushi, ga wurin wanka, ga ɗakin baya da ƙofarsa. Ulfa ta haye gado tana tsalle. Maitama bai tsaya kallon wannan ba, ya wuce gaba ya zauna a kujerar direba. Sitiyari a dama yake, kamar na tsohuwar rokar da ya fara koyo a kanta kafin a sauya hannu a Najeriya. Ya ɗora tafukansa a kai, ya ji ƙafarsa ta nemi kuloci da kanta. Daga can sama filin ya yi ƙanƙanta, ya ga rufin sauran motoci, ya ga har ƙarshen katanga. Wani abu da ya kwanta a ƙirjinsa tun watan Maris ya motsa. Da za a ba shi makulli, da ya kai su Kedah kafin la'asar ba tare da ruwan kofi ya zube ba.

Abdulgani ya ga fuskarsa, ya juya wurin matarsa. "Kin gani ko? Baba ya samu tasa."

"Na samu," in ji Maitama, "amma ba ni zan ja ba." Lasisinsa ba ya aiki a nan, likitan ido ma ya hana shi tuƙi sai bayan wata shida. Ya shafa sitiyarin sau ɗaya ya sauko.

Da ɗan Turancinsa na tasha ya roƙi Encik Hamdan bokitai. Aka kawo shida, na wankin mota. Ya auna faɗin hanyar nan da taku, ya jera su layi biyu, ya karya kwana a ƙarshe. Ya ce Ruƙayya ta shiga kowace mota ta bi ta tsakani da gaba, sannan ta dawo da baya.

Ƙaramar ba ta ba ta wahala ba, ta shige ta fito kamar tata. Babbar kuwa tun a gaba ta taka bokiti ɗaya a kwana, don gindin motar yana shara gefe bayan kai ya wuce. Da ta sa ribas abin ya fi ƙarfinta. Ta taka na biyu, ta gyara, ta taka na uku, ta tsaya cak tana riƙe da sitiyari, gumi ya jiƙa bakin mayafinta. Maitama ya tsaya yana kallon kafaɗunta ta taga. Ya horar da direbobi sun fi talatin, ya san wanda motarsa ta ɗan fi shi zai girma ya cika ta, ya kuma san wanda za ta yi ta tsorata shi har ranar da zai yi ɓarna. Kwana goma sha biyu ba su isa ta saba da wannan ba.

A matsakaiciyar ta ture bokiti ɗaya a karon farko. Ya ce ta sake. Ta wuce lafiya. Ya ce ta sake, ta ƙara wucewa, wannan karon har da leƙo kai tana murmushi.

Da ta sauko ta ce, "To ka gani, Baba, ƙaramar ce dai ta fi min sauƙi."

Ya yafuto ta gefe, inuwar wata bishiyar mangwaro, nesa da mijinta. Bai kalle ta ba, katanga yake kallo.

"Ƙaramar ba ta da banɗaki. Na duba."

"Ai akwai a gidajen mai da wuraren hutawa."

"Inda likita ya ce kar in shiga." Ya rage murya. "Da can nakan taso daga Kano ban tsaya ba sai Lokoja. Tun da sugan nan ya kama ni, awa biyu ba na kaiwa. Ba na son in riƙa tsayar da ku a tsakiyar gonar mutane, ga mijinki a zaune."

Ruƙayya ta sunkuyar da kai. Wata huɗu suna gida ɗaya, ita ke jera masa magani, amma ba ta taɓa lura ba.

"Ki ce masa firij ɗin ƙaramar ba zai ɗauki kwalabenki ba," ya ce. "Ba ƙarya kika yi ba, na auna shi, rabinsu ma ba zai ci ba."

Haka ta faɗa. Abdulgani ya amince ƙaramar ta fita, amma ya ci gaba da kewaya babbar yana shafa ƙeya. Ya ce injinta ya fi ƙarfi, ya ce tankin ruwanta ya fi girma. Maitama ya shiga matsakaiciyar ya sake dubawa: gado ɗaya a saman kan direba, ɗaya kuma teburin cin abinci ne ake naɗewa ya zama gado, duk a ɗaki ɗaya ba ko labule. Nan ya gane abin da ke damun yaron. Ba kujeru masu laushi yake so ba, ƙofar nan ta ɗakin baya yake so, don kada ya kwana yana jin numfashin surukinsa.

Ya fito ya ce, "Malam Abdulgani, ni a ƙarƙashin tirela na yi rabin barcin rayuwata. A samo min tabarma da gidan sauro, waje zan riƙa kwana, iska ta fi."

"Haba Baba, ina raye?" in ji Abdulgani da sauri. Sai ya juya ya tambayi Encik Hamdan ko yana da tanti. Akwai, na mutum biyu, da katifarsa ta iska. Fuskarsa ta saki nan take, kamar an sauke masa dutse. Ya ce shi dama tun yana bautar ƙasa yake sha'awar kwana a tanti.

Encik Hamdan ya so a ɗauki babbar, ya ma ce zai sassauta. Maitama ya girgiza kai, ya dafa matsakaiciyar. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya duba tayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka fito da sifiya da jak ya gani da idonsa, ya sa aka tayar da injin ya saurara. Mai motar ya tsaya yana kallonsa, sannan ya tambayi Ruƙayya aikin da mahaifinta yake yi. Da ta faɗa masa sai ya yi dariya ya ce in ya sani da bai ɓata bakinsa ba.

Ranar Litinin bayan asuba suka fita daga Kuala Lumpur. Maitama na gaba kusa da 'yarsa, Abdulgani da Ulfa suna baya ɗaure da bel. A awa ta farko ta riƙe sitiyari kamar za a ƙwace mata. Ya ce ta sassauta yatsu, ta daina kallon hancin mota, ta kalli inda take son zuwa. In babbar mota za ta wuce su yakan gaya mata tun daga nesa cewa iska za ta ture ta kaɗan, kada ta yi faɗa da ita. Kafin su kai Sekinchan ta fara hira.

Kwanakin suka samu tsari. Su yi asuba, su shiga gona kafin rana ta ɗaga, Ruƙayya da takalmin roba tana miƙa sanda cikin ruwa, Abdulgani yana rubuta lamba yana jerawa a firij. Maitama da Ulfa su zauna a bakin ƙofa suna ƙirga balbelu. An nuna mata saniya tun rana ta biyu, har da bauna. In sun ratsa gari Abdulgani ya sa takunkumi ya shiga kedai, wato shagon abinci, ya yo musu tapau, abincin ƙunshi, a ci a cikin mota. In ba gari, Ruƙayya ta tuƙa tuwon shinkafa a kan ɗan murhun, ƙamshin miyar kuka ya cika ɗakin har sai an buɗe tagogi. Da yamma sukan nemi izini su tsaya a harabar masallacin ƙauye ko gefen gidan wani manomi, ba wanda ya taɓa hana su, wasu ma har da aiko da ayaba.

Matsi kam akwai shi. In mutum ɗaya yana girki, ba mai wucewa sai ya ce gafara. Kullum sai an naɗe tebur kafin Maitama ya kwanta, a kuma warware shi kafin a karya. Ruwan tanki kwana biyu yake yi. A rana ta huɗu, a Perak, sama ta ɓalle tun azahar ba ta ɗauke ba sai magariba, su huɗu a takure gwiwa na gugar gwiwa, Ulfa na rigima, tantin Abdulgani ya jiƙe sharkaf a waje. Maitama ya dubi Abdulgani ya ce, "Yau kam babbar taka ta fi." Suka yi dariya dukansu, aka shanya katifa a kan injin da ke da sauran ɗumi.

A rana ta takwas suna Kedah, suka shiga wata hanya irin ta hoton nan, magudana mai zurfi a dama, gona cike da ruwa a hagu. Taswira ta nuna hanyar tana ɓullewa wani titi. Sun yi nisa sai suka tarar an haƙe kwalbati ana gyara, ramin ya raba hanya biyu, ba kowa a wurin sai tarin ƙasa. Gaba ba hanya, gefe ba wurin juyawa.

Ruƙayya ta kashe injin. Ta dubi madubi, ta ga hanyar ta miƙe a bayanta siririya kamar zare, ruwa ta kowane gefe.

"Baba, ko kai za ka karɓa? Ba wanda zai gani."

Ya so ya karɓa, hannunsa har ya kai ga ƙofa. Amma ya san idon nan sabo ne, bai gama gane nisan abu da shi ba, jiya ma ya zuba shayi a gefen kofi. Ya kuma san in ya karɓa yau, gobe duk hanyar da ta ƙuntata sai ta dube shi.

"Ke za ki fitar da ita," ya ce. "Mun wuce wani ɗakin injin ban-ruwa a baya, akwai ɗan fili a gabansa. Nan za mu kai ta."

Ya sauka, ya sa Abdulgani ya ɗauki Ulfa a kafaɗa ya tsaya ta ɓangaren gona yana duba taya. Shi kuma ya koma baya ta ɓangaren magudana, daidai inda za ta gan shi a madubi. Ya ce ta sa hannu ɗaya a ƙasan sitiyari, duk inda take son gindin mota ya nufa ta kai hannun can.

"Kada ki kalli ruwa. Ni za ki kalla. In na buga bodi sau biyu, ki tsaya ko me kike ciki."

Ta tayar, ta sa ribas. Yana tafiya da baya-baya yana kiran ta da tafin hannu, taku ɗaya, taku ɗaya. Rana ta take, rigarsa ta manne a bayansa. Sun ci kusan rabi sai ya ga tayar baya ta hau gefen da ƙasa ke da laushi, tsakuwa ta fara zubewa cikin magudana. Ya buga bodi sau biyu. Motar ta tsaya nan take. Ya zo taga.

"Ba komai. Yi gaba tsawon darduma ɗaya, ki miƙe ta, mu sake."

Ta yi. Suka sake. Wani manomi ya zo a kan babur, ya ga ba hanya, ya kashe babur ɗinsa ya zauna yana kallo, bai ko danna hon ba. Sai da suka yi minti arba'in kafin su kai ɗakin injin. Filin da ke gabansa ɗan kaɗan ne, Maitama ya auna shi da taku, ya dawo ya ce zai yi. Sau biyar ta yi gaba ta yi baya, a na ƙarshe tsakanin bayan motar da bango bai fi tafin hannu ba. Hancin mota ya dubi inda suka fito. Manomin ya ɗaga babban yatsa ya ce, "Boleh," wato ta iya, ya tayar da babur ya raɓa ya wuce.

Abdulgani ya sauke Ulfa, shi ma ya taka filin yana ƙirgawa, ya dawo ya ce, "Da babbar ce, a nan za ta kwana."

"Da babbar ce ba za mu shigo ba tun farko," in ji Maitama. "A bakin titi za mu bar ta, ku yi ta jigilar kwalabe da ƙafa." Ya hau ya zauna, ya nemi ruwa da ƙwayar dabino ɗaya, don sugansa ya fara sauka. Ruƙayya ta zuba masa. Ta ce akwai wata hanyar ta bayan ƙauye da za ta kai su wurin ɗiban ruwan, ita ma siririya ce. Ya ce to me take jira.

Wurare takwas suka samu cikin tara. Na ƙarshen sun tarar an riga an janye ruwan gonar ana shirin girbi. Ta kira malaminta tana fargaba, ya ce takwas sun isa a yi aiki da su. Suka juyo, ita ce ta shigo da su cikin Kuala Lumpur da yammacin Juma'a, cikin cunkoson da ya fara dawowa, ta kai kwalabenta ɗakin gwaji na jami'a tukuna sannan suka wuce gida. Da za ta yi fakin a gefen gininsu, Maitama yana shirin sauka ya duba mata baya sai ya ji ta kashe injin, ta riga ta shige.

Washegari suka mayar da motar. Encik Hamdan ya zagaya ta, ya ga ɗan ƙarce a gefen hagu inda reshe ya goga, ya shafa da yatsa ya ce wannan ba komai ba ne. Daga nan suka tsaya a wani mamak, ɗan gidan shayi da abinci, da ya fitar da tebura waje, suka zaɓi na can ƙarshe nesa da mutane. Karon farko ke nan da Maitama ya zauna cin abinci a waje a garin. Ana cikin shan shayi Abdulgani ya yi gyaran murya, ya juya kofinsa sau biyu.

"Baba, an ce jirage ba za su fara tashi ba sai nan da wata guda ko fi. Na ce ko za a ɗan nuna min hannu kafin nan. Zan yi rajistar koyo a makaranta, amma na fi son in fara a wurinka."

Maitama ya gama kurɓar shayinsa. "Akwai fili?"

"Wajen ajiye motoci na jami'a, ba kowa yanzu."

Ranar Lahadi da hantsi Ruƙayya ta kai su, ta sauka ta ba mijinta makulli, ta ja Ulfa suka zauna a inuwa. Abdulgani ya shiga ya kama sitiyari da hannu biyu, gwiwoyinsa sun tokare gaba, ya kai hannu zai murɗa makulli. Maitama ya rufe ƙofarsa, ya ɗaura bel a nutse.

"Dakata," ya ce. "Gyara kujera tukuna, wannan zaman matarka ne."